Ranar da Na Daina Sa Hannu a Juji

Ni da na yi shekarun da ban iya ƙirgawa ina buɗe kowace safiya da tsintsiya, yau ni ce mai tsoron shara. Ba ƙyama nake nufi ba, tsoro nake nufi. In na bi ta hanyar kasuwa na hango tulin sharar nan da ke bayan inda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran duwan masu binciken kaya a kan iyaka, sai in ji hannuna na dama ya shige cikin mayafi da kansa, kamar ya fi ni hankali. Yatsa huɗu suka rage a jikinsa, huɗun ma ba sa rarrabe sanyi da zafi. Mutane in sun gan shi sai su kawar da kai don kada su tambaya. To ni zan faɗa da bakina, tun da ba sata na yi ba, ba kuma faɗa na yi da kowa ba. Abin da mahaifiyata ta koya mini, shi na bi har ya ci yatsan.

A Gayar da na tashi a cikinta, ba zakara ke tada gari ba, tsintsiya ce. Da an sallame asuba sai ka ji sharr, sharr daga kowane gida, wata mai sauri, wata mai jan jiki, har mukan gane matar da ta kwana da fushi daga yadda take dukan ƙasa. Bayan tsintsiya sai turmi ya amsa, bayan turmi sai guga a bakin rijiya. Abin da muke sharewa kuwa ba wani abin ɓoyo ba ne: toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, ɓawon gyaɗa da na muruci, ƙayar kifin da Sarkawa suka kawo daga kogi, ganyen da aka ƙunso ƙosai, kabar da ta naɗo gishirin Foga. Duk abin da ya shigo gida daga ƙasa ya fito, kuma ya san hanyar komawa. Ƙwarya in ta tsage mai gyartai ya ɗinke ta, in ta sake tsagewa ya sake ɗinkewa, sai ta gaji da duniya sannan ta zama sakainar kwasar toka. Gwangwani ya zama fitila, tsohon zane ya zama gammo, gammon in ya mutu ya zama lagwani. Kwalba kuwa dukiya ce, wadda ta fasa ta man gyaɗa ranar nan ba ta cin tuwo cikin daɗin rai. Yanzu ina jin an samo wa wannan aiki suna da Faransanci, ana tara mutane a meri, ofishin magajin gari, ana ba su ruwan sanyi don a koya musu shi. Mu da ba mu taka ƙofar lakkwal ba balle mu yi boko, haka muka tarar ana yi, ba wanda ya tafa mana.

Kowane gida yana da jujinsa a bayan danga, kuma juji na mace ne. Namiji yana iya mallakar gidan da rumbun da jakin, amma bai isa ya ba wani juji ba sai ya tambayi matarsa. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai mutanen ƙauyukan Tanda da Bana su shigo gari da jakuna da mangala, suna bin gida gida da sallama. Ba a sayar musu. Su kwasa su kai gona, in kaka ta yi sai ka ga mutum ya tsaya a ƙofa da damin gero ko ƙwaryar shinkafa, ya ce a gai da uwar juji. Na Inna, mahaifiyata, shi ake rububi a unguwarmu, don ba ta barinsa haka nan. Ruwan wanke-wanke can take zubarwa, tana juya shi da fartanya, in ta ga ƙashi ko ɓallen tukunya ta tsince. Rabi take bayarwa. Rabin kuwa ko sarki ya aiko ba ya samu, na 'yar gonarta ne da ke kan hanyar Tanda, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da gurjiya.

Ban fi ƙarfin ɗaukar ƙaramin tulu ba ranar da ta kira ni bayan danga. Na ɗauka aike ne. Sai kawai ta naɗe mini hannun riga, ta kama tsintsiyar hannuna, ta tura shi cikin jujin har gwiwar hannu. Na kurma ihu, don na ji wani zafi da ban yi tsammani ba, na ɗauka wuta ce a ciki ko maciji ne ya huro mini numfashi. Na yi ta fizga, ita kuwa ko gezau.

"Tsaya, ke ja'ira. Mi kinka ji?"

"Zafi, Inna! Shina ƙona ni!"

"Ba shi ƙona ki. Dahuwa shikai. In kinka kai wanga gona yanzu, sai shi kashe shuka. Ki bari sai ya huce, ya koma ɗumi irin na cikin akuya, ya yi baƙi, shina ƙanshin ruwan farko. Sannan ya nuna. Kada ki yarda da idonki, ki sa hannu."

Ta zaro hannun nawa ta goge shi da bakin zanenta. Sannan ta nuna wajen hanyar Tanda da haɓa, ta ce gonar can wata rana ni zan riƙe ta, kuma ko me zai faru kada in bar ta da yunwa. Ban san dalili ba, amma maganar ta ba ni tsoro fiye da zafin. Daga ranar, ba damina ɗaya da ta same ni ban tura hannuna cikin juji ba, har matan unguwa suka riƙa aiko a kira ni in taɓa musu nasu.

Na yi aure, na haifi ɗiyata ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu: ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ba ka nuna ka san da shi. Ranar da na haife ta ma sai da ungozoma ta fita zubar da ruwa sannan na yi sauri na buɗe zanen, na ƙirga yatsunta a ɓoye, na mayar na juya baya. Da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, can ta girma. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa, ni kuma in zan ambace ta sai in ce yarinyar nan. Sauran da na haifa duk maza ne, kuma ba wanda ya tsaya, hanyar Kwatano ta kwashe su da tuƙin manyan motoci. Don haka abin da Inna ta sa a hannuna, a hannuna ya tsaya. Wadda ya kamata in kama wa hannu in tura, kunya ba ta bar ni na taɓa ta ba.

Ina nan ina kallo gari ya kumbura. Kaya daga Malanbil, kaya daga Kamba, baƙi daga ko'ina, gonakin bakin gari suka zama shaguna da wajen ajiye motoci. Na tuna ledar farko da ta shigo gidanmu, wani ya kawo mana sabulu a ciki. Wallahi wanke ta muka yi, muka shanya a igiya, muka ninke muka sa a ƙarƙashin tabarma. Yau in na tuna sai in yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yanzu gishirin murtala biyu a leda, fura a leda, ruwan sha a leda, kifi mai zafi a leda, ledar ma a sa ta cikin wata ledar. Ƙayoyin bakin hanya sun yi baƙi da ita kamar jemagu sun sauka. Akuyar maƙwabciyata ta rame tana cin abinci, da aka yanka aka tarar da tumbinta cike da dunƙulen leda kamar gammo. In ruwa ya sauka, lambatu ya toshe, sai ruwan ya juyo ya shigo ɗakuna da duk abin da ya kwaso. Ni kuma bayan rasuwar mijina na koma gidan da ɗana ya ajiye iyalinsa, tsakar gida siminti, ba danga balle bayan danga. Sharar gida masu shareti, amalanken jaki, ke zuwa su ɗauka, su kai bayan gari su juye. Na wayi gari ba ni da juji, gonar Inna kuma ta fara fari, kuɓewa ba ta wuce gwiwa. Duk sanda na tsaya a cikinta sai in ji maganar nan a kunnena, kada ki bar ta da yunwa.

A lokacin yarinyar nan, wadda ita ma ta aurar da 'ya'ya, ta shiga wata ƙungiyar mata masu tsince shara. Sun samu fili a gefen gari, suna rarrabewa: leda gefe guda don masu narka ta su yi tubalin daɓe, ƙarfe da gwangwani gefe guda don masu awo, tsofaffin pil na tocila da rediyo a cikin wani bido, wato jarka, da aka rufe, abin da ke ruɓewa kuma su tara shi ya zama taki. Na gan su sau ɗaya daga nesa, da safar hannu ta roba har gwiwar hannu, da ƙyalle a hanci kamar masu shiga ɗakin haihuwa. Na yi musu dariya son raina. Wata rana ta zo gaishe ni, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

"Yaya, an ce mini kina neman jujin bayan gari. Don Allah ki bari. Ba irin na da ba ne, mu muna ganin abin da ka fitowa ciki."

"Ikon Allah. Yau ke za ki koya mini juji?"

"Ba koyarwa ba ce. Mu ma neman taimako muke. Takin da munka yi bara ya ƙone wa wata albasa, ba mu san lokacin da shika nuna ba. Da za ki zo ki duba mana."

Na ce masu safar hannu ai ba sa buƙatar tsohuwa. Ta tashi ta tafi. Girman kai ne, ban ɓoye ba, amma da kunya a ciki. Ta yaya zan je in tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yar fari a gaban mata?

Ba a yi sati ba wani mai shareti ya ce mini ya san wani tsohon tuli da ya shekara ba a taɓa ba, ya yi baƙi ƙirin. Na ce ya kai mini bakin gona. Da hantsi na isa na tarar ya juye ya tafi. Ga ido kam ba laifi, baƙi ne, mai laushi, sai 'yan ledoji nan da can waɗanda na ce zan tsince. Har na ji daɗi, na ce yau gonar Inna za ta ƙoshi. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na tura har gwiwar hannu kamar yadda na saba tun ina yarinya. Abin da na ji ba zafin dahuwa ba ne. Wani abu ne ya soke ni a yatsan tsakiya, ya shige har ƙashi. Da na zaro hannun sai ga allurar likita a maƙale, da robarta, da wani busasshen jini baƙi a ciki. Na duƙa na tona da kara, sai ga wata baƙar leda da ta fashe, cike da irinta, da auduga mai tabo, da ƙananan kwalabe. Har yau ban san daga inda suka fito ba, mai sharetin ma ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi. Na zauna a ƙasa ni kaɗai a gonar, ina kallon jinina da na wani da ban sani ba.

Na ɓoye. Wa zan gaya wa? Wadda ta gargaɗe ni? Na dawo gida na dumama man kaɗe na shafa, na barbaɗa toka, na ɗaure da tsumma. Kwana uku hannun ya kumbura ya yi sheƙi, yana bugawa kamar da zuciya a cikinsa. Tsakar gida ce ta tona ni. Yarinyar nan ta shigo da safe ta tarar ba a yi shara ba, abin da ba ta taɓa gani ba tun da take. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗaga mayafina kawai, ta ga hannun, ta fita da gudu ta tsayar da kabu-kabu. A asibiti likitan ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Inna, mi ya sa kinka daɗe haka?" Ashe ina da ciwon sukari ban sani ba, shi ya taimaka wa ciwon ya ci gaba. Suka cire yatsan don su ceci sauran. Sannan ya gaya mini abin da ya fi yankan ciwo: tun da ba a san jinin wane ne a allurar ba, za su auna nawa, su ba ni magani, kuma sai bayan wata uku a sake aunawa kafin a ce na tsira.

Wata ukun nan ban taɓa jin tsoro irinsa ba, ko ranar da mijina ya rasu. Na ware kofina da kwanona, na hana jikoki hawa cinyata, duk da an gaya mini ba haka ciwo ke bi ba. Ina zaune sai in kama tunanin mai jinin. Direba ne da ya kwana a gari ya wuce? Mace ce mai ciki? Yana raye ko ya mutu, in ya mutu me ya kashe shi? A da in na taɓa juji na san tokar gidan wane ce, na san akuyar wace ce. Yanzu wani da ban taɓa gani ba ya shiga jikina ba sallama. In kaina ya yi ciwo sai in ce ga shi ya fara. In na yi tari sai in duba tafin hannuna. Na roƙi Allah in mutuwa ce ta zo mini da sunan da zan iya faɗa wa mutane.

Jinin ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Amma tsoron bai karanta takardar likita ba, yana nan inda yake. Hannun ya warke ya zama kamar na aro, in na taɓa tukunya sai na ga hayaƙi nake sanin da zafi. Damina biyu ban taka hanyar Tanda ba. Aka ce mini tafasa da ƙaya sun cinye gonar, tulin nan kuma matan ƙungiyar sun je da shebur sun kwashe shi. Na bar gonar Inna da yunwa, kuma na san na bar ta. Wannan ya fi rashin yatsan damuna, don yatsa ba amana ba ne.

Bana da bazara, hadari ya fara haɗowa, sai yarinyar nan ta zo ta durƙusa a wajen da ta saba.

"Yaya, akwai tuli guda da munka ware. Daga ganyen kasuwa da toka da kashin dabbobi munka yi shi, na tankaɗe shi sau uku da rariyar ƙarfe. Na gonarki ne. Amma ban san ko ya nuna ba, kuma ba ni kai shi in ƙone miki shuka."

Da safe na ɗauki mayafi na bi ta. Filin nasu a share yake tas, na ga laifin dariyar da na yi. Mata kusan goma suka bar aikinsu suka gaishe ni, suka kewaye mu. Ga tulin, baƙi, yana ƙanshin da na sani tun ina 'yar ƙarama. Na matsa kusa. Na dama dai ba ya ji, sai na ɗaga na hagu. Ya kai kamar taƙi ɗaya da tulin, ya tsaya cak. Na san an tankaɗe, na ga rariyar da idona, amma hannun ya ƙi. Na ce musu ba zan iya ba.

Sai na ji ƙarar roba. Na waiga, na ga yarinyar nan tana zare safar hannunta, tana naɗe hannun riga. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, na kira sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Matan nan duk suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, karo na farko a rayuwarta, idanun sun cika da ruwa.

"Da hannuna na tankaɗe shi, Yaya. In ba ki nuna mini ba, wa za shi nuna mini?"

Ta miƙo hannun. Na kama tsintsiyarsa da yatsuna huɗu. Na yi bisimilla, na rufe ido, na tura shi a hankali har gwiwar hannu, ina jiran in ji ta yi ƙara. Ba ta yi ba.

"Mi kinka ji? Zafin wuta, ko ɗumin cikin akuya?"

Ta saurara da hannun, sannan ta ce, "Na akuya."

"To ya nuna. Gobe a kai shi gona."

Matan suka ɗauki guɗa, ni kuwa ban saki hannun ba. Na zaro shi, na goge da bakin zanena, na juya tafi, na juya baya, na duba tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwansa. Sannan a gaban kowa, ba ɓoyo wannan karon, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Biyar ne.